Tsohuwar amfilifayar jita mai bawul: me ke kashe ta a Katsina, kuma wane gyara ya dace da ita?

Tun daga 2022 kuɗin gyaran amfilifayar jita mai bawul ya fara fin ƙarfin masu ita, kuma abu biyu ne suka haɗu suka jawo haka. A watan Maris na shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, Rasha ta fitar da jerin kayayyakin da ta hana fitarwa waje, sai 'yan kasuwar kayan sauti suka tsorata cewa bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikin amfilifayar, yana cikin jerin. Tsoron yana da tushe, domin masana'antun da suka rage suna ƙera bawul da yawa a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: akwai ta birnin Saratov a Rasha mai fitar da bawul masu tambarin Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, akwai JJ Electronic a Silobakiya, sai wasu a China. Cikin 'yan kwanaki aka wawashe abin da ke shaguna, farashi ya yi sama. Ana cikin wannan, a watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024.

Irin wannan amfilifaya ba ta da yawa a Katsina, amma tana nan. Ana samunta a ɗakin ajiyar coci, a hannun tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa, a cikin kayan gwanjo da ke haurowa daga kudu, da kuma wajen makaɗan jita na Nijar masu ratsowa ta Jibiya daga Maraɗi ko ta Kongolam daga Damagaram. Wanda tasa ta yi shiru yau yakan ji magana uku masu karo da juna. Mai gyara ya ce, "Oga, bawul ɗin ne suka mutu, sai an canja su duka," ya faɗi kuɗin da za su sayi sabuwar amfilifaya ta zamani. Ɗan jari-bola ya ɗaga ta, ya ji nauyi, ya yi tayi. A waya kuma yana ganin ana sayar da irinta ta shekarun 1960 da dubban daloli a Amurka. Kafin a san wanda za a saurara, sai an fahimci abin da ke cikin akwatin.

Abin da ke cikin akwatin

Bawul kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe wa iska. A ciki akwai siririn zare da ake kira hita, mai gasa wani ƙarfe mai suna katod har ya riƙa sakin lantarki. Akwai faranti mai janyo lantarkin, tsakaninsu kuma akwai raga ta siririyar waya. Ɗan motsin wuta kaɗan a kan ragar yana juya wuta mai yawa da ke bi ta farantin, kuma ta haka sauti ke samun ƙarfi. Lee de Forest ne ya saka wannan raga a Amurka a 1906, kuma kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta mamaye kasuwa, rediyo da talabijin da lasifikar taro duk da bawul suke aiki.

Abin da jita ke fitarwa galibi bai kai bolt ɗaya ba. Ƙananan bawul ne ke fara ɗaga shi, mafi yawa 12AX7, wanda a Turai ake rubuta wa ECC83. Daga nan ya bi ta makunnan daidaita murya ya isa manyan bawul: 6L6 ko 6V6 a amfilifayoyin kamfanin Fender, EL34 a yawancin na Marshall, EL84 a na Vox. Manyan bawul ba sa tura lasifika kai tsaye, sai ta taransifomar fitar da sauti. A gefe guda kuma akwai taransifomar wuta, wadda ke ba hita bolt 6.3, ta kuma fitar da wata babbar wuta da ake mayarwa DC, wato wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir, da bawul irin GZ34 ko da dayod, ɗan ƙaramin abu mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Wannan babbar wuta takan zauna tsakanin bolt 300 da 500.

Fender Deluxe Reverb, wadda ta fito a 1963, tana da 6V6 biyu da ƙarfin wat 22. Twin Reverb tana da 6L6 huɗu da wat 85, nauyinta kusan kilo 30. Vox AC30 tana da EL84 huɗu. Marshall ta farko, JTM45 ta 1962, kwaikwayon Fender Bassman ce da aka yi a Landan. Dukansu da hannu aka haɗa su, kowace rizista (mai rage gudun wuta) da kowace kafasita (mai tara wuta) tana zaune a fili, ana iya narka dalmarta a cire ta a sa wata, kuma zanen wayarinsu yana intanet kyauta. Abu biyu ne kawai ke da wuyar mayewa, su ne taransifomomin nan biyu. Duk wani gyara mai hankali yana farawa da kare su, kuma mafi yawan ɓarnar da ba ta gyaruwa a kansu take sauka.

Wutar da ke kwance bayan an kashe

Bayan an mayar da wuta DC, tana shiga manyan kafasitoci masu tace ta. Kafasita kamar randa ce a tsakar gida: ko an ɗauke ruwan famfo ita tana nan cike. Amfilifayar da aka kashe, aka zare filoginta, tana iya riƙe ɗaruruwan bolt a cikinta na tsawon lokaci, kuma wannan wuta tana kisa. Wanda ya saba da gyaran waya ko rediyon batir, inda hannu ke shiga ko'ina babu fargaba, shi ne ya fi shiga haɗari a nan.

Ƙa'idar masu sana'ar ba ta da sassauci. Ana sauke wutar kafasita ta cikin rizista mai ɗaukar zafi da aka maƙala da waya mai rufi, sannan a auna da mita a tabbatar ta sauka kafin a taɓa komai. Haɗa bakin kafasita da sukundireba yana fitar da tartsatsi, yana iya lalata ta, kuma ba ya tabbatar da ta huce gaba ɗaya. Idan dole ne a yi awo amfilifaya na kunne, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, ƙafa cikin takalmin roba a kan busasshen wuri, kuma mitar ta zama mai jure bolt 600 ko fiye. Mai amfilifaya da ba wannan ce sana'arsa ba, iyakarsa duba fiyus, canja igiyar jita, da zare bawul bayan ya huce. Kwance ƙarfen ciki daga akwati aikin mai gyara ne.

Wutar Amurka da wutar Katsina

Tsofaffin Fender na kasuwar Amurka an yi su ne don bolt 117 mai zagaye 60, wato wutar da ke kai-da-komo sau 60 a daƙiƙa. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai zagaye 50. Wanda ya sayi irin wannan a gwanjo, ya sa mata adafta ya soka a bango, cikin daƙiƙu taransifomar wuta za ta yi hayaƙi idan fiyus bai riga ta mutuwa ba. Wannan kowa ya fahimta, kuma maganinsa taransifomar rage wuta ce mai ƙarfin da ya ninka abin da amfilifayar ke ja. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne zagayen. Taransifomar da aka naɗa don zagaye 60, idan aka ba ta bolt iri ɗaya a zagaye 50, ƙarfen cikinta yana ɗaukar ƙarin nauyi na kashi 20 cikin ɗari, sai ta fi yin zafi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ya fi aminci a ba ta wajen bolt 110, a kuma janye bayanta daga jikin bango don iska ta shiga. Na Ingila, wato Marshall da Vox, da Fender ɗin da aka yi don fitarwa waje, suna da makunnin zaɓar bolt, sai dai a duba kada wani ya murɗa shi zuwa 110.

Sai rashin tsayuwar wutar kanta. Taransifomar rage wuta rabi take rabawa, ba ta gyara komai: in wutar layi ta haura 250 za ta fitar da 125, hita ya wuce 6.3 da aka yi shi dominsa, babbar wutar ciki ta matsa kusa da iyakar kafasitoci. Ƙaramin janareta ya fi muni, domin da zarar an ɗora masa kaya gudunsa yana sauka, zagayen wutar ya faɗi ƙasa da 50, taransifoma ta ƙara zafi. Masu sola kuma su san irin inbatarsu. Mai fitar da wuta sumul irin ta layi ba ta da matsala, amma mai araha da ke fitar da wuta a datse tana sa ƙugi a lasifika da zafi a taransifoma.

Akwai kuma abin da ya shafi ran makaɗin kansa. Tsofaffin amfilifayoyin Amurka filogi mai baki biyu gare su, babu wayar ƙasa. A madadinta an sa wata ƙaramar kafasita tsakanin wutar gida da jikin ƙarfen amfilifayar. Idan ta tsufa ta haɗe, jikin ƙarfen ya ɗauki wuta, kuma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin ƙarfen ta igiya. Makaɗi yana riƙe da jita, leɓensa ya taɓa makirfo, ko yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima, sai wuta ta bi ta jikinsa. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea da ke Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da ke ɗauke da wuta. A nan babu saɓani tsakanin masu gyara: a cire wannan kafasita, a sa igiya mai baki uku, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen. Sai dai baki na uku ba ya amfani idan soket ɗin gidan ba shi da wayar ƙasa ta gaske, kuma gidaje da wuraren biki da yawa haka suke.

Bin sawun cutar

Amfilifayar da ta shekara a ajiye ba a soka ta a wuta don "a ga ko tana yi". A wannan gwajin na farko ake ƙona da yawa. Ana fara buɗewa a duba da ido. A garuruwanmu abin da ake tararwa sananne ne: jar ƙurar hunturu ta kwanta a kan soket ɗin bawul, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka tsakanin wayoyi, ɓera ya ci rufin igiya, wata kafasita ta kumbura ta fitar da farin gari a bakinta, fiyus kuma an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Wannan na ƙarshe shaida ce cewa wani ya ga fiyus na mutuwa, ya rufe masa baki, ya bar taransifoma ta zama fiyus. A jikin bawul kuma akwai tabo mai sheƙin azurfa a cikin gilashin. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya gama aiki.

Kunnawar farko ana yin ta ne ta cikin ƙwan fitila irin na da mai zare, na wat 60 ko 100, yadda wuta za ta bi ta ƙwan kafin ta isa amfilifayar. In ƙwan ya yi haske ya dusashe, alama ce mai kyau. In ya tsaya da haskensa garau, akwai inda waya ta haɗe, kuma ƙwan ya tare wutar kafin ta yi ɓarna. Ƙwan LED ba ya wannan aiki. Daga nan ake rarrabewa: a zare bawul duka a kunna, in har yanzu ƙwan na ci, matsalar tana taransifomar wuta, ko wayarinta, ko dayod da kafasitoci. In ya dusashe, a riƙa mayar da bawul daki-daki har a kama mai laifin. Kuma a kowane gwaji lasifika tana haɗe. Amfilifaya mai bawul da aka kaɗa wa jita babu lasifika tana iya huda rufin taransifomar fitar da sauti, saɓanin ta taransista. A wurin biki ko coci, inda kowa ke zare igiya ya soka wata, wannan yana faruwa da yawa. Lambar da ke jikin lasifika, om 4 ko 8 ko 16, ita ma ta dace da wadda aka rubuta a bayan amfilifayar.

Ƙugi iri biyu ne. Mai kauri ƙasa-ƙasa, na zagaye 50, yakan fito daga wayarin hita, ko rashin wayar ƙasa, ko wani bawul da ke yoyo. Wanda ya ɗan fi shi tsini, na zagaye 100, kusan kullum kafasitocin tace wuta ne suka bushe. In ƙugin yana ƙaruwa da murɗa makunnin sauti, tushensa yana can farko kusa da inda jita ke shiga. In bai damu da makunnin ba, a nemi sashen wuta ko manyan bawul.

Ƙarar fat-fat da shuuu kuwa mafi yawanta datti ne a soket, ko a makunni, ko dalmar da ta tsage, ko tsofaffin rizistocin gawayi masu shan laima. Ana bin su da busasshen tsinken itace ana ɗan ƙwanƙwasawa har a ji inda ƙarar ke tashi. Ba a amfani da fensir, domin bakinsa yana ɗaukar wuta. Allon da Fender ta jera kayanta a kai shi ma yana shan laima a damina har ya riƙa ɗan ratsa wuta, kuma busar da shi a hankali yakan kawar da ƙarar da aka ɗora wa bawul laifinta.

Mafi gaggawa shi ne farantin babban bawul ya yi ja kamar garwashi. Jan hasken hita a tsakiya daidai ne, ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ma ba komai, amma jan faranti yana nufin a kashe nan take. Abin da ya ɓace shi ne bayas, wato 'yar wutar da ake ɗora wa raga don ta riƙe bawul kada ya ja fiye da ƙima. Farantin 6L6GC yana jure wat 30, kuma masu gyara da yawa ba sa bari ya wuce kashi 70 cikin ɗari idan babu sauti, wato wat 21. In mita ta nuna bolt 450 a faranti, 21 a raba da 450 yana ba da wajen mili'am 47, wato yawan wutar da ya kamata bawul ɗin ya ja. Bayas yakan ɓace saboda kafasitarsa ta bushe, ko wata kafasita mai miƙa sauti tana yoyon DC zuwa raga. Wanda ya sa sababbin bawul bai gyara wannan ba, sababbin ma za su ƙone. A Katsina akwai ƙarin tarko: bayas ɗin da aka saita a shago lokacin wuta tana 200 zai yi zafi da yawa a daren da ta dawo 245.

Inda masu gyara suka saɓa

Ra'ayi na farko shi ne a canja komai, bawul da kafasitoci da rizistoci, a huta. Hujjarsu ita ce makaɗin da zai yi wasa a Daura ko Funtuwa ba ya buƙatar kayan tarihi, yana buƙatar abin da ba zai mutu a tsakiyar biki ba. Ra'ayi na biyu shi ne kada a cire komai sai awo ya nuna ya lalace, domin muryar amfilifayar da darajarta a kasuwa suna tare da kayanta na asali.

Kowane ɓangare yana da inda ya fi gaskiya. A kan kafasitocin tace wuta da na bayas, na farko ne ke da hujja: akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, kuma wadda ta kai shekara hamsin ba abin dogaro ba ce ko da tana aiki yau. A kan bawul da kafasitocin sauti kuwa na biyu ya fi ƙarfi. Manyan bawul suna gajiya, amma ƙananan suna iya yin shekaru masu yawa, kuma tsohon 12AX7 na kamfanin RCA ko Mullard ko Telefunken da ke aiki yakan fi sabon tsada. Garin neman gira ake rasa ido a nan: a cire masu kyau a zubar, a sa sababbi da kuɗin dala, ƙugin kuma yana nan domin kafasita ce tushensa.

Akwai kuma batun abin da ake sawa a madadi. Kafasita mai jure bolt 500 ba kasafai take teburin masu kayan rediyo ba, sai an aika Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, wani lokacin sai oda daga waje, kuma akwai jabu. Sai mai gyara ya ciro mai maikrofarad 220 daga tsohuwar talabijin ya sa, yana ganin babba ta fi. Amma GZ34 bai yarda kafasitar farko ta wuce maikrofarad 60 ba, in ta wuce zai riƙa tartsatsi a ciki har ya mutu.

In taransifoma ta ƙone, masu naɗin koyil na gida suna da hannu, kuma ta wuta tana naɗuwa idan an ƙirga zagayen waya an kuma yi amfani da kauri iri ɗaya. Ta fitar da sauti ta fi wuya, domin an sassaƙa naɗinta hawa-hawa ne, kuma wanda bai bi tsarin ba zai mayar da amfilifaya mai magana amma muryarta a dushe.

Ra'ayi na uku ba ya neman gyara kwata-kwata: a kwashe cikin a dasa allon zamani, ko a sayi sabuwa mai kwaikwayon muryar bawul da kwamfuta. Ba maganar banza ba ce. Ta zamani ba ta da nauyi, ba ta cin wuta, tana tafiya da batir da sola, kuma kwaikwayon ya yi nisa har makaɗa da yawa sun koma kansa. Masu bawul suna amsawa da cewa idan an matsa mata, murya tana lanƙwasawa a hankali tana bin ƙarfin yatsan makaɗi. Wanda ya zaɓi ta zamani bai yi kuskure ba, amma kwashe cikin tsohuwa yana rusa darajarta gaba ɗaya. Sayar da ita yadda take ga wanda ya san ta ya fi riba.

Abin da ya rage ga mai kaya da mai gyara

Tsadar kayan gyara hawa uku ce. Rizistoci da kafasitoci su ne masu sauƙi, bawul a tsakiya, taransifoma a sama. Mafi yawan cututtukan da aka lissafa a hawan farko suke, don haka mai kaya yana da haƙƙin tambaya: "Malam, me mita ta nuna?" kafin ya biya kuɗin bawul. Ya ɗauki hoton ciki kafin ya miƙa, ya kuma nemi a dawo masa da duk abin da aka cire. Manyan bawul da ke aiki biyu-biyu ana sayensu ne waɗanda aka auna aka ga ƙarfinsu ya zo ɗaya.

Ta ɓangaren masu sana'a, dattawan da suka koyi aiki a kan rediyo mai bawul da talabijin mai ƙwai su ne suka san babbar wuta, kuma suna ƙaranci. Matasan da suka taso a kan gyaran waya suna da hannun dalma mai kyau, amma sun saba da cire allo a sa allo. Wanda ya zauna da ɗaya daga cikin dattawan nan, ya koyi karanta zanen wayari da sauke wutar kafasita, zai iya karɓar aikin da yanzu ake ɗauka zuwa Kano ko Legas. Idan ya gama gyara, ya manna takarda a cikin akwatin mai ɗauke da ranar aikin, abin da ya canja, yawan wutar gida lokacin awo, bolt ɗin faranti, da mili'am na kowane babban bawul, domin da waɗannan lambobin ne mai gyara na gaba zai gane abin da ya sauya.